Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Rabon Aiki A Jirgin Ruwa Kafin Hatsari Ya Auku

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa shiga fadamar Haɗejiya tsakanin watan Agusta da na Oktoba ya san cewa a wannan lokaci hanyar mota takan ƙare ne a bakin ruwa. Daga nan kuma sai jirgin fito. Da shi manomi ke zuwa gonarsa ta shinkafa, da shi ake kai mara lafiya asibiti, da shi kuma ɗalibai da 'yan kasuwa ke tsallakawa daga wannan ƙauye zuwa wancan a ƙananan hukumomin Auyo da Kirikasamma da Guri. Amfanin jirgin a bayyane yake. Haka ma asarar da akan yi idan ya kife.

A ranar 3 ga watan Janairu na shekarar 2026, wani jirgi ɗauke da mutum 52 ya tashi daga Adiyani a ƙaramar hukumar Guri zai tafi Garbi da ke ƙasar Nguru a Jihar Yobe. Dare ya riske shi a kan ruwa, ya kife, aka rasa aƙalla mutum 25. Kafin wannan, a ranar 30 ga Nuwamba na shekarar 2021, wani jirgin ya kife a madatsar ruwa ta Watari da ke Bagwai a Jihar Kano, mutum 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya. Allah ya jiƙansu da rahama.

Wannan maƙala za ta duba yadda manyan jiragen dakon kaya na teku suke raba wa ma'aikatansu aiki tun kafin hatsari ya auku, da dalilan kimiyya da suka sa haka, sannan ta nuna yadda za a iya ɗauko wannan tsari a rage shi ya yi daidai da jirgin fito na katako.

Ruwan da muke bi ta kansa

Kogin Haɗejiya ya samo asali ne daga haɗuwar Kogin Kano da Kogin Challawa. Bayan ya wuce garin Haɗejiya sai ya shiga shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai jigayi, ya rarrabu zuwa rassa kamar Marma da Burum Gana, ya malala cikin fadamun da ake kira dausayin Haɗejiya da Nguru. Daga bisani ruwansa yakan haɗu da na Kogin Jama'are, su zama Kogin Yobe wanda ke nufar Tafkin Chadi.

An gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992. Kafin gina su, kogin yakan cika da damina ya kuma janye da rani. Bayan gina su sai ruwa ya riƙa gudana a wasu rassan duk shekara. Wannan sauyi ya yi wa ciyawar nan da mutanen yankin ke kira kacalla daɗi, domin tana son ruwa mara zurfi da ba ya ƙafewa. Sai ta yaɗu, ta toshe hanyoyin ruwa, ta tara laka a gindinta, ta karkatar da ruwa zuwa inda da ba ya bi.

Abin da wannan ke nufi ga matuƙin jirgi shi ne, hanyar da ya sani bara ba lallai ne ta zama ita ce ta bana ba. Inda gwangwalarsa ke taɓa ƙasa a da, yanzu tana iya rasa gindi. A shekarar ambaliya kamar 2022, ruwa yakan rufe kututture da shingen gona da tsohuwar rijiya. Wanda kuma ya faɗa cikin kacalla, ko da gwanin iyo ne, ganye da laka sukan harɗe masa ƙafa.

Abin da tsoro ke yi wa jiki

Me ya sa mutane masu hankali sukan rasa abin yi a lokacin hatsari? Amsar tana cikin ilimin halittar jiki. A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar halitta da ke fitar da sinadarin adirinalin. Da zarar ƙwaƙwalwa ta hango barazana, sai wannan sinadari ya kwarara cikin jini. Bugun zuciya ya ƙaru, numfashi ya yi sauri, jini ya karkata zuwa manyan tsokoki na cinya da damtse. Jiki ya shirya ke nan domin gudu ko faɗa. Amma wannan shiri yana da tsada. Sashen gaban ƙwaƙwalwa, wanda ke auna al'amura yana zaɓar mafita, aikinsa yakan yi rauni. Yatsu sukan kasa ƙananan ayyuka kamar kwance ƙulli. Hankali yakan tattaru a kan abu guda, har mutum ya kasa jin mai kiransa.

Wani masanin halayyar ɗan'adam na ƙasar Ingila mai suna John Leach ya yi nazarin labaran waɗanda suka tsira daga manyan haɗurra. Ya nuna cewa kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ne kawai ke iya natsuwa su yi tunani. Kusan kashi 75 sukan yi sororo, su tsaya suna jiran a gaya musu abin yi. Sauran kuwa sukan ruɗe, su aikata abin da zai ƙara dagula lamari.

Darussa biyu ke cikin wannan. Na farko, yawancin mutane za su bi umurni idan aka ba su shi a fili, da murya guda. Na biyu, aikin da jiki ya maimaita har ya saba ba ya bukatar dogon tunani, saboda haka tsoro ba ya saurin rushe shi. A kan waɗannan darussa biyu ne aka gina tsarin manyan jirage.

Yadda manyan jirage suka tsara abinsu

Ma'aikatan teku sun koyi wannan darasi ne da tsada. A daren 14 zuwa 15 ga Afrilu na 1912 jirgin Titanic ya yi karo da dutsen ƙanƙara a Tekun Atilantika ya nutse, mutum kusan 1,500 suka mutu. Ƙananan jiragen ceto 20 da yake ɗauke da su na mutum 1,178 ne kawai, alhali mutanen ciki sun haura 2,200. Abin takaici kuma, kaɗan ɗin ma ba a cika su ba. Akwai jirgin ceto mai cin mutum 40 da aka sauke da mutum 12, domin ba a horar da ma'aikata da fasinjoji yadda ya kamata ba. Wannan ya sa ƙasashe suka ƙulla yarjejeniyar kare rayuka a teku, wadda ake kira SOLAS, a 1914. An sake rubuta ta sau da dama, kuma wadda aka amince da ita a 1974 ce ake aiki da ita tare da gyare-gyare, a ƙarƙashin Hukumar Sufurin Teku ta Duniya mai hedikwata a Landan.

Ginshiƙin tsarin shi ne takardar rabon aiki. Kafin jirgi ya bar tasha sai an rubuta ta, an manna ta a ɗakin tuƙi da ɗakin inji da wuraren kwanan ma'aikata. Tana nuna inda kowane ma'aikaci zai tsaya idan an buga ƙararrawa, da aikin da zai yi idan gobara ce, da wanda zai yi idan barin jirgi za a yi. Har ila yau tana faɗin wanda zai maye gurbin kowane shugaba idan shi ne ya ji rauni.

A yawancin jiragen dakon kaya akan kasa ma'aikata rukuni-rukuni. Kyaftin yana ɗakin tuƙi, shi ke ba da umurni, kuma daga nan ake neman agaji ta rediyo a tasha ta 16. Babban mataimakinsa yakan jagoranci rukunin da ke tunkarar matsalar kai tsaye, wato kashe wuta ko toshe ɓaraka. Babban injiniya da mutanensa suna kula da inji da famfunan ruwa da wutar lantarki. Rukuni na huɗu, wanda sau da yawa ya haɗa da kuku da masu hidimar abinci, shi ke ɗauko kayan taimakon farko da shirya jiragen ceto. Babu wanda aka bari ba aiki.

Alamar babban hatsari iri ɗaya ce a duk tekunan duniya: gajeruwar busa bakwai ko fiye, sannan doguwa guda ɗaya. Da jin ta kowa zai ɗauki rigar cetonsa ya nufi matattara. Abu na farko da ake yi a can shi ne ƙirga mutane, domin ba a neman wanda ba a san ya ɓace ba. Barin jirgi kuwa, ba wanda zai yi sai kyaftin ya ba da umurni.

Idan mutum ya faɗa ruwa, wanda ya gani zai jefa masa zoben ceto ya kuma yi kururuwa. Sai a keɓe mutum guda wanda aikinsa kawai shi ne ya kafa masa ido yana nuna shi da hannu, saboda kan mutum a tsakiyar igiyar ruwa bai fi girman ƙwarya ba, kuma idan ido ya kauce da wuya a sake gano shi.

Takarda kaɗai ba ta isa ba. Dokar ta wajabta wa kowane ma'aikaci shiga atisayen kashe gobara da na barin jirgi aƙalla sau ɗaya a wata. Idan kuma fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ma'aikatan ba su yi atisaye a jirgin ba a watan da ya gabata, to sai an yi shi cikin awa 24 da barin tasha. A ranar 13 ga Janairu na 2012 jirgin fasinja mai suna Costa Concordia ya bugi dutse a gaɓar Italiya, mutum 32 suka mutu. Ɗaruruwan fasinjojin da suka hau a yammacin ranar ba a riga an nuna musu matattararsu ba. Saboda haka daga 2015 aka wajabta tara fasinjoji a yi musu bayani kafin jirgi ya tashi ko da zarar ya tashi.

Dalilin kifewar jirgin fito

Kafin mu raba aiki a jirgin fito, ya kamata mu san abin da ke kifar da shi. Jirgi yana tsayawa a kan ruwa ne saboda ruwan da ya ture yana tura shi sama da ƙarfin da ya yi daidai da nauyin ruwan da aka ture. Duk nauyin da aka ƙara masa, sai ya ƙara nutsewa, bakinsa ya ƙara kusantar ruwa. Tun a 1876, bayan gwagwarmayar wani ɗan majalisa mai suna Samuel Plimsoll, Ingila ta wajabta zana layi a jikin jirage wanda ke nuna iyakar lodi.

Abu na biyu shi ne ruwan da ke taruwa a cikin jirgi. Mu ɗauka akwai jirgi mai shimfiɗaɗɗen ciki, tsawonsa mita 8, faɗinsa mita ɗaya da rabi, ruwa ya taru a cikinsa santimita 5 kacal, wato bai ma rufe idon sawu ba. Lissafi ya nuna lita 600 ke nan, nauyin kilo 600, daidai da manya goma masu kilo 60 kowanne. Wannan ruwa kuma ba ya zama wuri ɗaya. Da jirgi ya ɗan karkata, sai duk ya kwarara can, ya ƙara danne gefen.

Abu na uku shi ne miƙewar fasinjoji. Mutum a zaune nauyinsa yana ƙasa. Idan ya miƙe cibiyar nauyin jirgin takan yi sama, idan kuma jama'a suka ruga gefe ɗaya, jirgin ba shi da sauran ƙarfin da zai dawo daidai. Sau da yawa ɓarakar ba ta isa ta nutsar da jirgi ba, firgitar mutanen ciki ce ke ƙarasa shi.

Rabon aiki a jirgin fito

Jirgin fito ba shi da rediyo ko ƙararrawa, amma ana iya raba ayyuka biyar kafin a tura shi daga gaɓa.

Na farko, matuƙi. Shi ne kyaftin, muryarsa kaɗai ake bi. Shi zai ce lodi ya isa, shi zai ce ba a tashi saboda hadari ya haɗo ko rana ta faɗi. Ya kamata ya faɗi wanda zai karɓi tuƙi idan shi ne ya faɗa ruwa.

Na biyu, ɗan gaba. Yana zaune a goshin jirgi da gwangwala, yana duba kututture da curin ciyawa. Idan wani ya faɗa, shi ne zai kafa masa ido yana nuna shi.

Na uku, mai kwarfe ruwa. Tun daga tashi ƙwarya ko roba tana hannunsa, ba ya bari ruwa ya taru.

Na huɗu, mai igiya. Yana riƙe da jarka mai lita 20, babu komai a ciki, an toshe bakinta da kyau an ɗaura mata doguwar igiya. Irin wannan jarka tana iya ɗaga nauyin kusan kilo 19 a ruwa, wanda ya isa ya riƙe kan babban mutum a sama. Masuntanmu da ke hawa gora sun daɗe da sanin wannan hikima.

Na biyar, dattijo ko dattijuwa a cikin fasinjoji, wanda ake jin nauyinsa. Aikinsa shi ne ya hana kowa miƙewa, ya kuma haɗa kowane yaro da babba guda da zai kula da shi.

A bakin gaɓa kuma, a sami wanda zai rubuta yawan waɗanda suka shiga da inda suka nufa, yana da waya da lambar mutanen ɗaya gaɓar. Wannan aiki ya dace da sarkin ruwa da ƙungiyar masu fito. Su ne kuma za su iya shafa layin fenti a jikin kowane jirgi, a yi yarjejeniya cewa da ruwa ya taɓa layin, ba a ƙara ko buhu guda. Usur ɗin 'yan ƙwallo ya isa ya zama ƙararrawa, in dai ƙauyukan gaɓa sun san ma'anar busarsa.

Jarka taimako ce kawai, ba ta maye gurbin rigar ceto. Wanda ya gaji ko ya suma zai saki jarka, amma riga tana ɗaure a jikinsa. Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa na Cikin Gida, wato NIWA, wadda aka kafa a 1997 mai hedikwata a Lakwaja, ta wajabta sanya rigar ceto ta kuma hana tafiyar dare.

Idan jirgi ya kife

Jirgin katako sau da yawa ba ya nutsewa gaba ɗaya ko da ya kife. Ya fi kyau a riƙe shi a jira agaji, maimakon a nufi gaɓar da ido ke gani kusa alhali tana da nisa. Ruwa yana zuƙe zafin jiki kusan ninki 25 fiye da iska, saboda haka da hunturu mai iyo yakan gaji da wuri.

Mai nutsewa ba ya ihu kamar yadda ake zato. Numfashin da yake samu bai isa magana ba. Za a ga kansa a ɗage, bakinsa yana shiga ruwa yana fita, hannayensa suna dannar ruwa, kuma cikin daƙiƙa 20 zuwa 60 yana iya ɓacewa. Duk abin da ya kama ba ya saki, har da mai cetonsa. Don haka a miƙa masa gwangwala ko a jefa masa jarka. Shiga ruwa shi ne mataki na ƙarshe, kuma na gwanaye ne.

Idan an tsamo mutum ba ya numfashi, lokaci ya yi ƙaranci, domin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa sukan fara lalacewa bayan minti 4 zuwa 6 ba tare da iskar oksijin ba. Kada a ɓata lokaci wajen danna masa ciki ko rataye shi kai ƙasa don a fitar da ruwa. Wannan yakan jawo amai ya toshe hanyar iska. A kwantar da shi rigingine, a ɗaga haɓarsa, a toshe hancinsa a hura masa iska a baki sau biyar. Sannan a riƙa danna tsakiyar ƙirjinsa sau 30 ana hura iska sau biyu, da saurin dannawa 100 zuwa 120 a minti, har ya farfaɗo ko ma'aikacin lafiya ya karɓa. Idan ya farfaɗo a kwantar da shi a gefensa, a cire jiƙaƙƙun tufafi, a lulluɓe shi, a kuma kai shi asibiti ko da ya ce ya warware, saboda ruwan da ya shiga huhu yana iya kawo matsalar numfashi bayan wasu awoyi.

Aiki ga malamai da ɗalibai

Malami zai iya nuna hatsarin ruwa a cikin jirgi da gwaji mai sauƙi. A zuba lita ɗaya ta ruwa a faffaɗan faranti, a ce ɗalibi ya ɗauka ya zagaya aji. Sannan a zuba lita ɗayan a kwalba a rufe, a ɗora a kan farantin ya sake zagayawa. Nauyin bai canza ba, amma ɗaliban za su ga wanda ya fi wuyar riƙewa, su kuma faɗi dalili.

Bayan haka a jera benci a fili a matsayin jirgi, a raba ayyuka biyar ɗin nan, a busa usur, a auna daƙiƙoƙin da aka ɗauka kafin kowa ya kama aikinsa. A maimaita bayan mako guda a kwatanta lokacin. Ranar 25 ga Yuli, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe tun 2021 domin yaƙi da nutsewa a ruwa, ta zo daidai da damina, kuma ta dace da irin wannan atisaye tare da masu fito na gari.

Kammalawa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021, kuma yara da matasa suna da kaso mai yawa a ciki. Mun ga cewa tsoro yana raunana tunani, amma ba ya saurin goge abin da jiki ya saba. Shi ya sa ma'aikatan teku suke rubuta aikin kowa su kuma maimaita shi duk wata. Abin da jirgin fito ke bukata bai wuce jarka da igiya da usur da gwangwanin fenti ba, sai rigunan ceto, da kuma minti biyu da matuƙi zai ɗauka a bakin gaɓa yana cewa wane ka riƙe wannan, wance ki kula da yaran nan. Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ɗalibin da ya karanta wannan maƙala, in ya je hutu gida, ya tambayi mai fiton garinsu: idan wani ya faɗa ruwa yau, wa zai jefa igiya?